Butalin farko shi ne wuya

Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gaz ɗin girki namu ne na gida, kuma gwamnati ta tsaida farashinsa: cikon butali mai kilo 6, jika biyu ba dala arba'in. Amma ku leƙa gidajen ɗalibanku, ƴan'uwana malamai. Icce ne da gawayi har yau.

Ɗiya mata uku a ajina kullum a makare suke zuwa, ido ja, tufafi na warin hayaƙi. Shi ya sa na ɗauko maganar a taron uwayen yara. Ba wadda ta ce ciko ya yi tsada. Butalin farko da kan murhunsa ne suka gagara, don kuɗinsu a dunƙule ake biya, alhali icce ana sayen na dala ashirin a ɗora tukunya. Wasu fashewa suke tsoro. Wasu ba su taɓa jin farashin hukuma ba, sai abin da mai kanti ya yanka musu.

Muka kafa adashe na mata goma, kowane wata ɗaya ta ɗauki butali. Na rubuta farashin a allo, yara suka kwafa suka kai gida. Maiɗakina ta nuna musu yadda ake shafa kumfar sabulu a bakin butali a gane ko yana yoyo, kuma wannan ya fi duk surutuna aiki.

Shida sun ɗauka. Kunun safe yanzu a kan gaz ake dama shi. Tuwon gidan mutum goma sha biyar kam har yanzu icce ne, tukunyar ta fi ƙarfin ɗan murhun.