Harajin Da Ba A Gani

A zamanin En'e, mutumin Malam Madori ya san harajinsa sarai. Da kaka, in ya sayar da gyaɗarsa a bakin tasha, sai ya ƙidaya wa dagaci kuɗi hannu da hannu, su nufi baitulmalin Haɗeja. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, wadda garin ke cikinta kafin a yi Jigawa a 1991.

Amma mai albashi bai kuɓuta ba. Nasa tun a ofis ake cirewa kowane wata, kafin ya taɓa ko sisi, a aika Dutse, gama haƙƙin jihar da yake zaune ne. Na ɗan sanda ke tafiya Tarayya.

To, akawu ba ɗan duba ba ne. Dokar 2025 ta yafe harajin naira 800,000 na farko a shekara, ta kuma yi rangwame saboda kuɗin haya. Malamin makarantar da bai kai shaidar hayarsa ofis ba, lalle a yanke masa fiye da ƙima, iyalinsa su sha wuya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.