Robon da bai yi tafiyar taku ɗaya ba

Ran Asabar mun leƙa wani gida nan Maradi, inda ƴan lise huɗu ke haɗa robo, ƴar mota mai kauce wa bango da kanta. Karo-karo suka yi wata biyu kafin aka sayo musu Arduino daga Kano. Suna sa batir, taya ta ɗan motsa, ta tsaya. Allon ya ɗau zafi, shi ke nan.

Wani mai gyaran rediyo ne ya warware mana. Sun jona moter ɗin taya kai tsaye a ƙafar Arduino. Ita ƙafar nan miliyamfa 20 aka so ta bayar, 40 ne iyakarta, alhali ƙaramin moter kan ja ɗaruruwa lokacin tashi. Dole a sa wani allo tsakani, irin su L298N, ya ɗauko wa moter kuran daga batir, sannan a haɗa wayar mas ɗinsu wuri guda. Wallahi mu ma ba mu sani ba. A lise lissafin kuran kan takarda muka sha.

Yaran sun soma sabon karo-karo. Babbansu ya ce wannan karon sai sun ari multimeta tukuna.