Kaskon Wuta

Da hunturu, wani tsohon magini na unguwar Gobarau, cikin birnin Katsina, ya kan kwana da kaskon wuta. Kafin asuba garwashi ya zama toka, ɗaki ya huce. Bai taɓa ganin zafin ya komo kasko ba.

Masana sun ce doka ce: zafi wajen sanyi ya ke gangarawa, ba ya juyowa don kansa. Ko baƙin ramin samaniya, gawar tauraro mai haɗiye haske, Stephen Hawking ya nuna da lissafi a 1974 yana tsiyayar da zafi, wata rana zai ƙare.

Da jikansa ya karanta masa wannan, tsoho ya dubi hasumiya, ya ce, "To, yaro, tashi ka kwaɓa ƙasa. Ginin da ba a yaɓe ba, rabon damina ne."