Shinobi da littafin bashin shagon Oga



Da yawa daga cikinku kun ji labarin rasuwar dattijon nan mai gyaran rediyo, wanda mu yaran Gamawa na shekarun 1990 ba mu san shi da wani suna ba sai Oga. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya ba iyalansa haƙuri. Mun je gaisuwa mu shida, duk sa'o'in juna, yanzu kowa da furfura a gemu. Muna shirin tashi sai babban ɗansa ya ce mu dakata, akwai abin da suka tarar a ƙarƙashin gadon Baba da yake ganin mu ne za mu gane shi. Ya shiga ya fito da wani kwalin madara da aka ɗaure da igiya. Da aka kwance, sai ga baƙar Sega Mega Drive, da hannunta guda biyu, da kaset huɗu, da wani littafin rubutu na 'yan firamare da gefensa ya sha gara.

Zancen littafin yana nan tafe. Bari mu fara da Segar.

Wanda bai kai shekara arba'in ba zai yi wuya ya fahimci abin da wannan akwati ya zame mana. Wajen 1995 Oga ya sayo ta a Kano, ya ajiye ta a lungun shagonsa tare da ƙaramar talabijin mai kala da benci biyu. Naira biyar, mai hoton Tafawa Ɓalewa, ita ce kuɗin zama, kana bugawa har ranka ya ƙare. In NEPA ta ɗauke wuta kana tsaka da wasa, asararka ce, sai dai in Oga ya ga dama ya ce ka dawo gobe. Masu kuɗi biyu ne ko uku, 'yan kallo kuwa sai ka ƙirga ashirin, kowa na ba da shawara, kowa gwani ne matuƙar hannun ba ya wurinsa. Mun sha dukan makara a makarantar allo saboda wannan lungu, akwai kuma waɗanda canjin cefane ya sha salwanta a hannunsu. Ba za mu kama suna ba, wasunsu yau limamai ne.

Kaset ɗin da ya fi kowanne farin jini shi ne mai wasa uku a ciki, Golden Axe da Streets of Rage da The Revenge of Shinobi. Na ƙarshen shi muke kira Ninja kawai. Lokacin finafinan ninja sun cika gidajen kallo, irin su American Ninja na 1985 da finafinan Sho Kosugi, har yara kan naɗe fuska da ɗankwalin iyayensu mata su yi ta dirowa daga katanga. A wurinmu ninja mutum ne mai layar zana da baduhu, wanda ya haɗa da tauri. Sai da muka girma muka san cewa ninja da shinobi abu ɗaya ne a harshen Japan, daga kalmar da ke nufin ɓuya da jurewa, kuma na gaskiyar 'yan leƙen asiri ne da sarakunan yaƙi ke ɗauka haya, mafi shahararsu daga yankunan Iga da Koga. A 1581 Oda Nobunaga ya mamaye Iga da yaƙi. Mu dai a lokacin ba ruwanmu da wannan, Joe Musashi muka sani, mai fararen kaya, da 'yan ta'addan Neo Zeed da suka kashe malaminsa suka sace budurwarsa Naoko.

Wasan mataki takwas ne, kowane da bos a ƙarshensa. Musashi na da siddabaru huɗu: na tsawa da ke kare jiki, na wuta, na dogon tsalle, da wanda zai tarwatsa kansa ya rasa rai ɗaya don ya illata bos. Wuƙaƙen jifa kuma ƙirgaggu ne, suna ƙarewa. Akwai wani sirri da Oga ya hana a yi a shagonsa: in ka shiga wurin saiti ka mayar da adadin wuƙaƙe sifili biyu ka ɗan jira, sai alamar ta juye, wuƙa ba za ta ƙare ba har abada. Wanda aka kama ya yi haka sai ya biya kuɗin zama biyu, don a cewar Oga yana cin lokacin na bayansa. Ta fuskar ciniki yana da gaskiya.

To a nan ne rigimar ta samo asali. A cikinmu akwai wanda ya yi hutu a Azare wajen kawunsa, ya dawo yana rantsuwa cewa a wani gidan gem na can ya ga an kai mataki na shida, kuma bos ɗin Spider-Man ne da ke rikiɗa ya koma Batman, na bakwai kuma Godzilla ne sak. Mu kuwa da idonmu mun ga gwanin shagon Oga ya kai wurin. Spider-Man yana nan, amma abin da ya biyo bayansa wani aljani ne mai fiffike, na bakwai kuma dodo ne ƙashi zalla ba fata. Muka ƙaryata shi, muka yi masa ihu, muka laƙaba masa Batman. Sunan ya bi shi sakandare, ya bi shi gidan aure, yau 'ya'yansa ma sun san shi. Shekara talatin yana cewa wallahi ya gani, mu kuma muna cewa to Batman, mun ji. Yana cikin mu shidan da muka je gaisuwa.

Mun roƙi iyalan su ara mana Segar, muka kai wa wani yaro mai gyaran waya a kasuwa. Ya buɗe, ya goge, ya gwada da wata adafta, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ya nuna mana inda tsatsa ta cinye layukan fanel ɗin, ya ce Baba wannan sai haƙuri. Mun ji ba daɗi fiye da yadda muka zata. Sai yaron ya yi dariya ya ce in dai wasan muke so ai ba sai da ita ba, ya jawo laftof ɗinsa, kafin mu gama zama ga fuskar ninja a allo, ga kiɗan nan da Yuzo Koshiro ya tsara yana tashi. Ɗaya daga cikinmu ya juya baya yana gyara hula, mun san abin da yake ɓoyewa.

Abin da yaron ya yi amfani da shi ana ce masa emuleta, wato manhajar kwaikwayo. Yadda muka fahimta, wasan da ke cikin kaset umarni ne a rubuce, wanda aka tsara don ƙwaƙwalwar Sega kaɗai ta karanta. A cikin Mega Drive akwai ƙwaƙwalwa biyu, Motorola 68000 mai gudanar da wasan da Zilog Z80 mai taimakawa wajen sauti. Laftof ko wayar hannu ba sa jin wannan yare. Emuleta ita ce tafinta: tana ɗaukar kowane umarni tana juya shi zuwa abin da na'urar yau ke ganewa, har wasan ya ɗauka yana cikin Segarsa ta asali. Shi kuma abin da ke cikin kaset ana kwafe shi ya zama fayil, shi ne ake kira ROM. The Revenge of Shinobi gaba ɗayansa, da kiɗansa da matakansa takwas, kilobait 512 ne. Hoto ɗaya da za ka ɗauka a wurin biki ya ninka shi nauyi.

Sai muka ba yaron labarin Batman, muna dariya. Ya ɗan duba ya ce ai wasan bugu-bugu ne, ba ɗaya ba. Bugun farko na 1989 yana da Batman da Godzilla, har da sojoji masu kama da Rambo, duk ba tare da izinin masu su ba. Daga baya kamfanin Sega ya riƙa gyarawa: aka cire Batman aka sa aljani mai fiffike, aka nemi izinin Spider-Man daga Marvel, aka tuɓe wa Godzilla fata ya koma ƙwarangwal. Masu adana tsofaffin wasanni sun ajiye kowane bugu daban. Ya buɗe na farkon, kuma da yake emuleta na ba ka damar ajiye wasa a duk inda kake ka dawo in ka mutu, cikin awa guda muka lallaɓa zuwa mataki na shida. Spider-Man ya gama rarrafe a silin, ya rikiɗa, sai ga Batman da kunnuwansa.

Mutumin bai ce komai ba. Ya miƙe, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce a maimaita. Aka maimaita. Muna amfani da wannan dama mu ba shi haƙuri a bainar jama'a, kamar yadda muka ƙaryata shi a bainar jama'a. Sunan dai ya ce a bar masa, ya riga ya saba.

A wannan zama ne kuma muka gano cewa abin da muka yi ta bugawa ƙane ne, yana da wa. Shinobi na asali ya fito a 1987, kuma ba na gida ba ne. Injin tsaye ne mai tsawon mutum, da allo da sanda da maɓallai, irin wanda ake jefa wa sulalla a gidajen wasa na Japan da Amurka da Turai. Mu ba mu taɓa ganin irinsa a Gamawa ba, kuma ba a taɓa yin sa a kaset ɗin Mega Drive ba. A cikinsa Musashi fuskarsa a buɗe take, aikinsa kuɓutar da yaran da ƙungiyar Zeed ta sace, ba ka wuce mataki sai ka kwance su duka. Aika biyar ne, minti uku ake ba ka a kowane mataki, wuƙa ba ta ƙarewa amma harbi ɗaya ya same ka ka mutu. Tsakanin aika da aika akwai wurin da za ka ga hannunka kawai kana jifan ninjoji suna dirowa kanka. Mun gwada, ba wanda ya wuce bos na biyu, wani jirgi mai saukar ungulu. An yi wasan ne don ya cinye sulalla, kuma ko a laftof ana jin hakan. A ganinmu na Mega Drive ya fi shi daɗi nesa ba kusa ba, amma mun yarda ƙila son yarinta ne.

Manhajar da ke tayar da irin waɗannan injuna sunanta MAME. Wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara fitar da ita a Fabrairun 1997, daidai lokacin da muke layi a shagon Oga, kuma har yau 'yan sa kai ne ke ci gaba da aikin. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne dalilin gaggawarsu. Don maganin masu satar fasaha, Sega ta sa wa wasu daga cikin injunan Shinobi wata ƙwaƙwalwa mai suna FD1094, wadda ke karanta wasan a kulle, mabuɗin kuma yana ajiye ne da ƙarfin wani ɗan batir a cikinta. Ranar da batirin ya mutu mabuɗin ya goge, injin ya zama gawa ko da komai nasa lafiya lau. Sai da masu wannan aiki suka shafe shekaru kafin su warware kullin su ajiye mabuɗan.

Wani zai tambaya ko halal ne. Ita emuleta manhaja ce kamar kowace, amma wasan mallakar Sega ne har gobe, kamfanin yana nan duk da ya daina ƙera na'urar gem tun 2001. Shi da kansa yana sayar da tsofaffin wasanninsa ta wannan hanya: ya saka The Revenge of Shinobi a wayoyin hannu a 2017, ya fitar da na 1987 a Nintendo Switch, a Agustan 2025 ma sabon Shinobi ya fito. Mun kwantar da hankalinmu da cewa kaset na asali yana gabanmu a kan tebur, amma ba za mu ce wannan fatawa ce ba, kuma ba ma goyon bayan a mayar da kayan mutane abin tura wa a kasuwa ana karɓar kuɗi.

Yanzu littafin. Mun ɗauka lissafin gyaran rediyo ne. Da muka buɗe sai muka ga sunaye, da rubutun Oga, wani da boko wani da ajami, kowane da adadi a gabansa: naira biyar, naira goma, naira sha biyar. Wasu an soke su da biro, mafi yawa ba a soke ba. Bashin zama ne. Duk ranar da yaro ya ce Oga gobe zan kawo, ashe yana rubutawa, kuma ba mu tuna ranar da ya tare ɗayanmu a hanya ko ya kai ƙara gida ba. Sunan mai wannan rubutu ya fito sau huɗu, naira talatin da biyar, ko ɗaya ba a soke ba.

Iyalan sun ce sun yafe. Mun gode musu, amma a cikin magada akwai ƙanana da ba su isa yafe haƙƙinsu ba, don haka ba mu karɓi wannan a matsayin ƙarshen magana ba. Mun ɗan yi gardama kan ko adadin da ke rubuce za a biya ko kuwa darajarsa ta yau, tunda naira biyar ta lokacin tana ƙosar da yaro da ƙosai, ta yanzu kuwa ko almajiri sai ya kalle ka. Muka tsaya a kan kowa ya biya abin da ke rubuce a matsayin bashi, ya ɗora abin da ya sawwaƙa a matsayin kyautatawa ga marayu.

Sunaye 41 muka ƙirga da ba a soke ba. Mun gane 29, bakwai daga ciki sun riga mu gidan gaskiya, mu shidan mun ɗauki nauyin nasu. Sauran laƙabi ne na yarinta da muka kasa tuna masu su. Ba za mu wallafa sunan kowa ba. Duk wanda ya san ya taɓa zama a bencin nan, ko yana Azare ko Bauci ko Kano ko Legas, ya tuntuɓi sakatare ta saƙon sirri, za a duba masa. Littafin zai kasance a hannunmu har ƙarshen wata, daga nan za mu mayar wa iyalan tare da abin da aka tara da kuma Segar, don ƙaramin ɗan ya ce yana son ta ko ba ta aiki.