Inda Ake Auna Gudawa Kamar Zinariya

Daga Chennai jirgin ƙasa ya sauke ni a tashar Katpadi, na tari ɗan adaidaita sahu zuwa Vellore. Na ji kamar ina Sabon Gari: hon, turmutsitsi, ƙamshin mai soyayye. Sai da muka iso ƙofar asibitin Christian Medical College na san na zo wata duniya. Wai wannan asibiti mai girman birni guda ya samo asali ne daga ɗaki mai gado ɗaya da likita Ida Scudder ta buɗe a 1900!

Ɗan yayata mai sikila na biyo, an yi masa dashen ɓargo, aikin da suka fara yi a nan tun 1986. Kafin in leƙa shi ta gilashi, wata nas ta tsare ni a bakin famfo. Na nuna mata na shafa man kashe ƙwayoyin cuta. Ta girgiza kai: ƙwayar cutar norobairos ba ta jin wannan, sai ruwa da sabulu.

A ranar gudawa ta kama yaron. Mu a gida ruwan gishiri da sukari za a haɗa, a ce Allah ya sawwaƙe. Nan kuwa kowane bayan gida sai an zuba a mazubi mai lamba, an auna, an rubuta. Na rasa gane dalilin wannan wahala.

Wani matashin likita ya zaunar da ni. “Baba,” in ji shi, “abu biyu ne masu kama ɗaya.” Ko dai sabon ɓargon ne ya ɗauki hanjin yaron baƙo yake kai masa hari, ko kuma bairos ne ya samu gida ba mai gadi, irin su CMV da adinobairos. Na farko maganinsa a ƙara danne garkuwar jiki. In kuwa na biyu ne, dannewar nan ita za ta ba cutar fili. Shi ya sa ba su cinta. Sukan gwada jini da kashi, su zura siririyar kyamara cikin hanji su gutsuro tsoka kamar ƙwayar gero.

CMV aka gano. Maganinsa, gansaikulobiya, yana raunana ɓargon da ake lallaɓawa. Madadinsa, foskanet, ƙoda yake taɓawa. Kullum da safe sai an ɗibi jini kafin a yanke shawarar allurar ranar. Wallahi ban taɓa ganin natsuwa irin wannan ba.

Da yamma na tsallaka titin Gandhi neman shayi, cikin masu jinya daga Bengal da Bangaladash. Wani dattijo ya ji labarin yaronmu, ya tambaye ni ko adadin gudawar ya ragu yau. Na ce ya ragu. Ya kira mai shayi ya biya mini.