Rauta a gefen talabijin

Kusan duk gidan da aka sayi rautar Wi-Fi, wuri ɗaya za ka same ta: a falo, gefen talabijin, wani lokacin ma a bayansa, an rufa mata ɗan ƙyalle saboda ƙurar hunturu. Wanda ya ajiye ta a wurin bai yi tunanin sabis ba, inda soket yake kawai ya duba. Daga nan kuma sai a shiga ƙorafi cewa a ɗakin uwargida ba ta ja, sai an fito tsakar gida ana ɗaga waya sama.

Ai dole. Rauta da waya ta zangon rediyo suke magana, galibi a kan gigahaz 2.4 ko gigahaz 5. Na farkon ya fi nisan zango kuma ya fi iya ratsa bango, sai dai akwai cunkoso a kansa, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci da rautar maƙwabta duk a nan suke. Na biyun ya fi gudu, amma bango biyu sun isa su galabaitar da shi. To ka dubi irin gininmu: bulo da siminti, dakin mai rodi, ƙofar ƙarfe, ga tankin ruwa a tsakani, shi kuwa ruwa shanye wannan zango yake yi. Sannan gidajenmu dogaye ne, falon maigida a gaba, ɗakunan iyali can ciki. Rauta kuwa ta kowane ɓangare take watsa abin da take watsawa, don haka idan tana jikin bangon waje, rabin ƙarfinta a titi yake zuba.

Shi ya sa nake murmushi idan na ga samari sun jeru a jikin wata katanga bayan sallar isha'i, babu benci, babu mai shayi, kowa ya sunkuyar da kai. Lambar sirrin Wi-Fi ɗin gidan ba wuyar samu gare ta ba. Tana nan a rubuce a ƙasan rautar tun daga kamfani, kuma ba kasafai ake canza ta ba. Yaro ɗaya ya shiga gaida Hajiya, ya kifa akwatin ya ɗauki hoto, an gama. Maigidan da ya san hanya zai iya buɗe burauza ya rubuta adireshin da ke jikin takardar da aka manna wa rautar, irin su 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ya ga jerin duk wayoyin da ke haɗe. Mai iyali shida kan tarar da baƙin da bai taɓa yi wa sannu da zuwa ba.

Amma idan data ta ƙare da wuri, ba kullum ne laifin 'yan katanga ba. Akwai ɓarawon da ke cikin aljihu. Masu ƙera waya sun tsara ta ne a kan cewa Wi-Fi ba shi da awo, domin haka yake a yawancin gidajen Turai da Amurka, inda ake biyan kuɗin wata a yi ta amfani. Saboda haka waya takan jinkirta manyan ayyukanta, sabunta manhajoji da kwashe hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet, har sai ta ji ta hau Wi-Fi. A wurinmu kuwa, cikin rautar layin waya ne mai ƙidayayyen gigabait. Da kowa ya dawo gida da yamma, wayoyi bakwai su buɗe baki lokaci guda, datar wata ta ƙare tun wata bai raba ba, a ce kamfani ya zuƙe. Alhali a saitin Wi-Fi na waya akwai inda za a gaya mata cewa wannan na awo ne, ta kama kanta.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne alamar nan mai kama da mafici a saman waya. Ta cika fal, amma saƙo ya ƙi tafiya. Alamar ba ta san komai game da intanet ba, tsakanin wayarka da akwatin falo kawai take aunawa. Kamar famfo ne: bututun gidanka lafiya lau, amma ba a sako ruwa ba. Daga rauta sai ƙarfen sabis na unguwa, wanda shi ma sai da dizal ko batir yake aiki. Daga can sai wayar fayiba da aka binne a gefen titi, wadda masu aikin hanya kan datse da katafila. Ita ce ke gangarawa har Legas, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka: SAT-3, da MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da WACS da ACE, sai Equiano na Google da ya iso a 2022.

Ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, huɗu daga cikinsu, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka katse a tekun da ke gaɓar Kwaddibuwa. Manhajojin banki suka tsaya cak, masu POS suka yi ta ba wa mutane haƙuri. A ranar an kashe rauta an kunna babu adadi a Kano da Zariya da Sakkwato, an zare layi an goge shi a jikin riga an mayar, an ɗora akwatin a taga. Kamfanoni sun karkatar da zirga-zirgar zuwa wayoyin da suka tsira, gyaran kuwa sai da jiragen ruwa suka je suka ciro igiyoyin daga ƙasan teku, aka yi makonni ana fama.