Kwikwiyon da Ba Ya Jin Kira

Wata ranar Alhamis cikin hunturun 2023, ina dawowa daga kasuwar Maigatari inda Baba ya aike ni sayar da tumaki biyu, sai na iske yara a bakin garinmu Sule Tankarkar sun kewaye wani rami suna ta jifa da hoge. Ko da na leƙa, sai ga kwikwiyo fari fat, haƙarƙarinsa duk a waje. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk sowar da suke yi bai ko waiwayo ba, sai hoge ya same shi sannan ya zabura. Na ba yaran naira 200, na saka shi a kwali na nufi gida.

Inna na ganina ta riƙe baki ta ce, "Kai ɗan nan, bokon ne ya kai ka ga kwasar kare?" Baba kuwa bai yi faɗa ba. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Ya tuna mini hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Sannan ya ce shari'a ta yarda a ajiye kare ne don farauta, ko kiwo, ko gadin gona, ba don zaman tsakar gida ba. "Ka samu ladanka, amma kafin ka koma makaranta ka nema masa gida." Saura mako uku a lokacin.

To, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da kwikwiyon nan ya ji tuwo ya murmure, sai gida ya rikice. Ya yayyage tabarma, ya hana kaji sakat, ya tattaune takalmin Baba. A daka masa tsawa, ko a jikinsa. Ran nan yana barci na buga tasa a bayansa, kunnensa bai motsa ba. Ashe kurma ne.

Na kai shi wurin wani malamin dabbobi a Gumel. Ya bayyana mini cewa kowane kwikwiyo da kunne a toshe ake haihuwarsa, sai ya yi kamar mako biyu yake buɗewa, amma wasu fararen karnuka sukan rasa ƙwayoyin launi a can cikin kunne, jinsu ya mutu tun suna jarirai, kuma babu magani. Ya yi masa allurar rigakafin haukan kare, wadda akan fara yi daga wata uku. Ya kuma gargaɗe ni cewa kurman kare yakan kai cizo in an taɓa shi bai sani ba, jama'a kuwa nan take za su ce mahaukaci ne su kashe shi. Ban ga laifinsu ba, domin ciwon nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a.

Na fara da wani mafarauci. Ya yaba ƙafafunsa, amma ya ce da fito da ƙaho ake kiran kare a dawa, wanda bai ji ba kuwa in ya bi zomo ya tafi ke nan. Na je ruga, Bafulatani ya yi dariya ya ce shi kunne yake nema, wanda zai ji motsin dila ko ɓarawo da tsakar dare. Na ukunsu shi ya neme ni da kansa, har ya zaro kuɗi. Da na bincika, ashe dillali ne mai tara karnuka ana kai su kasuwar Dawaki ta Jihar Filato, inda ake sayensu don nama. Ba zan ɓoye maka ba, ya mai karatu, sai da na dubi kuɗin nan sau biyu, don ban haɗa kuɗin mota ba. Na dai ce masa a'a.

Ana saura kwana huɗu, sai Inna da kanta ta ce, "Me zai hana ka gwada Bebe?" Wani manomi ne da ke zaune a gonarsa nesa da titi, yana noman gero da wake da riɗi, awaki kuma sun addabi rumbunsa. Muka tafi tare da ƙanensa don ya yi mana tafinta.

Bebe bai kira kwikwiyon ba. Ƙafa ya buga a ƙasa da ƙarfi, kwikwiyo ya ji girgiza ya juyo. Ya jira har idonsu ya haɗu, ya daki cinyarsa, ya miƙa masa ɗan ƙanzo. Kafin la'asar kwikwiyon nan ya gane alamar "zo", ya soma gane ta "bari". Bebe ya yi wata maganar hannu yana murmushi, ƙanensa ya ce, "Wai ku ne ba ku iya yi masa magana ba."

Maganar nan ta bi ni har makaranta. Ga ni ɗalibin harshe, ina haddace ka'idojin nahawu, amma shekara ashirin ina wuce mutumin nan ban taɓa tunanin hannunsa na da harshe ba, alhali a Tudun Maliki ta Kano har makarantar kurame akwai.

Da hutun Babbar Salla na koma gonar. Tun daga nesa na ƙwala kira, na manta. Sai da iska ta kai masa ƙanshina ya sheƙo a guje, ya cika mini riga da ƙasa, sannan ya waiwaya ya dubi hannun ubangidansa. Gaskiyar Hausawa ne, kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Allah Ya ba mu ikon tausaya wa na ƙasa da mu, amin.